Gyaran Numfashi Bayan Tiyatar Jijiyoyin Zuciya: Abin da Dattawan Jos da Masu Jinyarsu Ya Kamata Su Sani

Dattijon da aka yi wa tiyatar sauya hanyar jini a zuciya yakan farfaɗo daga allurar barci da zuciyar da jini ke isar ta fiye da jiya, amma huhunsa ya fi na jiya rauni. A kwana biyu zuwa uku na farko, yawan iskar da zai iya ja ya fitar a dogon numfashi guda kan ragu da kusan rabi, kuma akan ɗauki watanni kafin ya koma kusa da yadda yake a da. Matsalolin huhu suna cikin manyan dalilan da ke tsawaita zaman irin waɗannan majinyata a asibiti, ko su mayar da su gadon asibiti bayan an sallame su.

Aikin maido da huhu kan ƙarfinsa shi ne ake kira gyaran numfashi. Likitan fisiyo, wanda jama'a suka fi sani da likitan gashin ƙashi, shi ke koyar da shi, amma majinyacin da iyalinsa ne ke yin sa, sa'a bayan sa'a, har tsawon makonni. Batun ya shafi mazauna Jos ta wata fuska ta daban. Da yawa daga cikin mutanen Filato da ke buƙatar wannan tiyata a Abuja ko Legas ko ƙasar Indiya ake yi musu ita, sa'an nan su dawo su ƙarasa jinya a gari mai tudu da sanyi da ƙurar hunturu, nesa da likitan da ya buɗe musu ƙirji.

Abin da tiyatar ke yi wa huhu

Zuciya tana da jijiyoyinta na kanta da ke kai mata jini. Idan kitse ya taru ya ƙuntata su, sai mutum ya riƙa jin nauyi ko zafi a ƙirji in ya yi tafiya ko ya hau tudu, kuma in suka toshe gaba ɗaya, wani sashe na tsokar zuciyar ya mutu. Abin da likita ke yi shi ne ya ɗebo wata jijiya mai lafiya, daga ƙafa ko hannu ko cikin bangon ƙirji, ya dasa ta yadda jini zai kewaye wurin da ya toshe, kamar yadda ake yi wa gari hanyar baifas don manyan motoci su kauce wa cunkoson tsakiyarsa. Vasilii Kolesov ya yi irin wannan aiki a birnin Leningrad na tsohuwar Tarayyar Sobiyat a 1964, amma René Favaloro, ɗan ƙasar Ajantina da ke aiki a Cleveland ta Amurka, shi ya daidaita shi tun daga 1967 har ya bazu a duniya. A Najeriya an fara tiyatar buɗe zuciya ranar 1 ga Fabrairun 1974 a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Najeriya da ke Enugu, inda Farfesa Fabian Udekwu da abokan aikinsa suka yi aiki tare da Magdi Yacoub, likitan nan ɗan asalin Masar da ke aiki a Ingila. A yau ana dashen jijiyoyin zuciya a wurare irin su Asibitin Koyarwa na Jami'ar Jihar Legas da ke Ikeja, da cibiyar Tristate ta asibitin Jami'ar Babcock a Jihar Ogun, da asibitin Nizamiye a Abuja.

Kafin a kai ga zuciya sai an tsaga ƙashin tsakiyar ƙirji daga sama zuwa ƙasa, in an gama a ɗaure shi da wayoyin ƙarfe. A yawancin lokuta akan tsayar da zuciyar, a karkatar da jini zuwa wata na'ura da ke yin aikin zuciya da na huhu a lokaci guda. Muddin jini na bin wannan na'ura, huhu a kwance yake, babu iska a cikinsa.

A cikin huhu akwai ɗaruruwan miliyoyin ƙananan jakunkunan iska, inda iskar oksijin ke ratsawa ta shiga jini. Bayan awanni a kwance, wasu daga cikin jakunkunan, musamman na ƙasan huhun hagu, sukan manne kamar ledar da aka jiƙa, su ƙi buɗewa ko da an maido da iska. Kusan kowane majinyaci yakan fito daga ɗakin tiyata da ɗan wani abu na wannan mannewa. Allurar barci kuma tana rage kuzarin ƙananan gashin da ke share kaki daga hanyoyin iska, sai kakin ya taru. Wani lokaci jijiyar da ke motsa tantanin da ya raba ƙirji da ciki, wanda shi ne babban injin numfashi, takan taɓu saboda sanyin da ake sanya wa zuciya lokacin aiki ko wajen ɗebo jijiyar bangon ƙirji, sai tantanin ya yi sanyin aiki na makonni. Ruwa ma kan taru a gefen huhu.

A kan wannan duka sai ga ciwo. Wanda aka tsaga wa ƙashin ƙirji yana tsoron dogon numfashi, ya fi tsoron tari. Sai ya riƙa numfashi sama-sama. Jakunkunan da suka manne ba su sami iskar da za ta buɗe su ba, kakin da ya taru bai fita ba, ƙwayoyin cuta kuwa sun sami wurin zama. Hanyar nimoniya ke nan, wato ciwon sanyin haƙarƙari, wanda ga mai shekara saba'in da sabon ɗinki a ƙirji ba ƙaramin haɗari ba ne.

Shekaru suna ƙara wa lamarin nauyi. Ƙarfin huhun ɗan Adam yakan kai ƙololuwa a tsakanin shekara 20 zuwa 25, ya fara raguwa a hankali daga wajen shekara 35. Haƙarƙarin tsoho ya sandare, tsokokinsa sun ragu, tarinsa ba shi da ƙarfin na matashi. A Filato akwai ƙarin kaya da mutane da yawa ke shiga ɗakin tiyata da su: dattijon da ya yi ƙuruciyarsa a ramukan haƙar kuza ko wurin fasa dutse yana shaƙar ƙura, da tsohuwar da ta shekara arba'in a gaban murhun itace, da wanda ya taɓa yin tarin fuka ya warke amma tabon ya zauna, da mai shan sigari. Ya kamata likitan tiyata ya san wannan tarihi tun kafin aiki, ko da bai tambaya ba.

Aikin yana farawa kafin tiyata

Mafi yawan iyalai suna ɓatar da makonnin jiran tiyata wajen haɗa kuɗi da neman biza, kuma ba laifinsu ba ne, domin aiki ne na miliyoyin naira. Amma waɗannan makonni suna da wani amfani da ba ya cin kuɗi sosai. Wani bincike da aka yi a birnin Utrecht na ƙasar Holan, aka buga a 2006, ya raba majinyata 279 masu jiran wannan tiyata, waɗanda huhunsu ke cikin haɗari, zuwa gida biyu. Rukuni ɗaya ya riƙa horar da tsokokin jan numfashi na minti 20 kullum, aƙalla mako biyu kafin aiki, ta hanyar shaƙar iska ta wata 'yar na'ura mai ɗan tauri. Bayan tiyata, kashi 18 cikin ɗari na waɗanda suka yi horon ne suka sami matsalar huhu, a ɗaya rukunin kuwa kashi 35. Nimoniya ta kama kashi 6.5 na masu horo, da kashi 16 na waɗanda ba su yi ba.

Ko babu wannan na'ura, koyon dogon numfashi da tari da yadda ake tashi daga gado ya fi sauƙi ga mutum tun ƙirjinsa na lafiya, a kan ya fara koyo yana cikin zafin ciwo da magagin magani. Mai shan sigari ko shisha kuma, Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana a 2020 cewa barin taba mako huɗu ko fiye kafin tiyata yana rage matsalolin da ke biyo baya. Duk wannan ana iya fara shi a Jos, tun kafin a kama hanya, da sanin likitan zuciya.

Kwanakin asibiti

Akan cire wa majinyaci robar na'urar numfashi cikin awanni, yawanci kafin a cika kwana guda, kuma daga nan aiki ya fara. Abu na farko shi ne zama. Huhun wanda ke zaune a miƙe ya fi na wanda ke kwance rigingine faɗi, domin kayan ciki sun sauka sun ba tantanin numfashi wuri. Shi ya sa washegarin tiyata ma'aikatan jinya kan zaunar da majinyaci a kujera, ko da da robobi a jikinsa, abin da kan tayar da hankalin 'ya'yansa in suka leƙo.

Dogon numfashi ba shi da wuyar bayani. Majinyaci ya zauna, ya saki kafaɗu, ya ɗora hannu a kan cikinsa, ya ja iska ta hanci a hankali har ya ji cikin da ƙasan haƙarƙari sun buɗe, ya riƙe ta daƙiƙa biyu zuwa uku, sa'an nan ya sake ta ta baki a hankali, leɓɓa a tsuke kamar mai hura koko mai zafi. Riƙewar nan ita ce ke ba iska damar zagayawa ta shiga jakunkunan da suka manne. Wani bincike da aka yi a Suwidin a kan majinyata 90, aka buga a 2005, ya nuna cewa waɗanda suka riƙa yin dogon numfashi sau 30 kowace sa'a da rana, a kwana na huɗu faɗin wurin da ya manne a huhunsu kusan rabin na waɗanda ba su yi ba ne. Akan raba talatin ɗin gida uku, goma-goma, da ɗan hutu a tsakani don kada jiri ya kama mutum.

Abin lura a binciken na Suwidin shi ne kayan aikin da aka yi amfani da shi: kwalba ce da ruwa da roba. Ana zuba ruwa mai tsabta har zurfin santimita 10, a sa roba mai faɗin kusan santimita ɗaya ta kai ƙasan kwalbar, majinyaci ya ja dogon numfashi ta hanci ya hura ta robar ruwan ya riƙa ɓulɓulowa. Nauyin ruwan yana ɗan danne iskar da ke fita, wannan kuma yana hana ƙananan hanyoyin iska rufewa da wuri. Babu gidan da zai gagara haɗa wannan. Sai dai likitan fisiyo ne zai ce ya dace da majinyacin ko bai dace ba, domin akwai waɗanda iska ta taru musu a gefen huhu, su ba a so su hura. A riƙa canza ruwan kullum ana wanke robar, kuma a kula kada tsohon da ke cikin magagi ya zuƙi ruwan a maimakon ya hura.

Akwai kuma 'yar na'urar roba mai ƙwallaye uku ko mai murfi da ke tashi sama in an ja iska, wadda kusan kowane majinyaci ke dawowa da ita daga Indiya. Tana da amfani domin mutum na ganin ƙoƙarinsa da idonsa, kuma akan so a ja ta kamar sau goma kowace sa'a. Amma nazarin da cibiyar Cochrane ta sabunta a 2012 bai sami hujjar cewa ita kaɗai tana hana matsalolin huhu bayan wannan tiyata ba. Kuskuren da aka fi yi da ita guda biyu ne: hura ta maimakon jan iska, da fizgar iska da ƙarfi don ƙwallayen su buga sama. Ja a hankali da daɗewa a sama shi ake nema. Wanda ya kwana ya wuni a gado yana jan na'ura bai yi rabin aikin ba.

Sai tari, wanda kowa ke gudu. Wayoyin da aka ɗaure ƙashi da su an yi su ne don su jure tari, in dai an tallafi ƙirjin. Majinyaci ya rungume ƙaramin matashi ko tawul da aka naɗe a kan ɗinkin, ya yi dogon numfashi biyu ko uku, ya buɗe baki ya fitar da iska da sauri kamar mai hura wa madubi tururi don ya goge shi. Wannan yana turo kaki sama ba tare da zafin cikakken tari ba. In kakin ya iso maƙogwaro, tari guda mai ƙarfi ya isa. Haka za a rungume matashin in atishawa ko dariya ta zo.

Duk wannan ba zai yiwu ba in ciwo ya yi yawa, kuma a nan dattawan Arewa kan cuci kansu. An raini mutum a kan cewa namiji ba ya raki, sai a tambaye shi ya ce da sauƙi, alhali ko rabin numfashi ba ya iya ja. Shan maganin rage zafi a kan lokaci, musamman kafin atisayen numfashi, wani ɓangare ne na jinyar huhu. Sai dai maganin da likita ya rubuta kawai. Magungunan ciwon jiki irin su ibuprofen da diclofenac, da ake saya a kemis ba tare da takarda ba, ana gargaɗi a kansu ga wanda aka yi wa wannan tiyata, domin suna iya taɓa ƙoda da zuciya su kuma jawo zubar jini. Maganin da ke kwantar da tari kuma yana hana fitar kakin da ake son ya fita.

Dawowa kan tudu

Idan komai ya tafi daidai, akan sallami majinyaci bayan kimanin mako guda. Hukumar kula da sufurin jiragen sama ta Ingila tana ba da shawarar a jira aƙalla kwana goma kafin shiga jirgi, kuma likitoci da yawa sukan ƙara a kan haka ga tsofaffi da masu doguwar tafiya, domin iskar cikin jirgi daidai take da ta kan dutse mai tsawon mita 2,400. Ko ta filin jirgin Yakubu Gowon da ke Heipang aka sauka, ko ta hanyar Keffi da Akwanga aka biyo aka hau Hawan Kibo, ƙa'idar ɗaya ce: kada a zauna wuri guda a daɗe. A tafiyar mota ta awa huɗu zuwa biyar daga Abuja, a riƙa tsayawa kusan kowace sa'a majinyaci ya taka ƙafa, ya yi dogon numfashinsa, don kada jini ya daskare a jijiyar ƙafa. A ɗaura bel, a sa matashi tsakaninsa da ƙirji.

Jos tana kan tudun da ya kai kimanin mita 1,200 daga doron teku. A wannan tsayi, kowane numfashi yana ɗauke da oksijin da ya gaza na Legas da kusan kashi 13 cikin ɗari. Mai lafiya ba ya ko lura. Wanda aka haifa a Jos ma jikinsa ya saba, kuma wannan tsayi bai kai wanda likitoci ke hana masu ciwon zuciya zuwa ba. Amma wanda ƙasan huhunsa bai gama buɗewa ba, ga ƙarancin jini da kan biyo bayan tiyata, yana iya ganin tafiyar da ya yi cikin sauƙi a barandar asibitin Legas ta sa shi haki a tsakar gidansa a Rikkos ko Tudun Wada. Ɗan ƙarin haki a kwanakin farko da ke raguwa kullum ba abin tsoro ba ne. Wanda ke ƙaruwa shi ne abin kai wa likita.

Sanyin Disamba da Janairu ya fi tsayin tudun haɗari, domin abin da yake sa mutane su yi. Akwai dararen da ma'aunin zafi kan sauko ƙasa da digiri 12, sai a rufe ƙofa da taga, a shigo da kaskon gawayi ko rishon kananzir don ɗumama wa baba ɗaki. Gawayi a rufaffen ɗaki yana fitar da iska mai guba wadda ba ta da launi ba ta da wari, tana kuma korar oksijin daga jini. Ta kashe masu lafiya ma, balle wanda zuciyarsa ke farfaɗowa. Bargo da rigar sanyi da hula da safa sun wadatar. Haka hayaƙin janareto kusa da taga, da igiyar leƙo ta korar sauro, da turaren wuta da ake sa wa ɗakin mara lafiya don masu dubiya: duk suna tayar da tari suna ƙara kaki. Gidan sauro ya fi igiyar leƙo, kuma a matsar da murhu nesa da ɗakin.

Ƙurar hunturu tana busar da hanyoyin iska, kaki ya yi kauri ya ƙi fita. Shan ruwa mai ɗumi yana taimakawa, amma gwargwadon da likita ya yarda, domin akwai waɗanda aka ƙayyade wa ruwa saboda raunin zuciya. A yayyafa ruwa kafin shara, majinyaci kuma ya bar ɗakin har ƙurar ta kwanta. In zai fita ranar da hazo ya yi kauri, ya sa takunkumi, ya kuma jira rana ta ɗaga maimakon fitar sanyin asuba.

Dubiya al'ada ce mai kyau, kuma tsohon da aka kewaye ya fi wanda aka bari shi kaɗai kuzari. Amma ɗaki cike da mutane a lokacin da mura ke yawo wuri ne na kamuwa da cuta. Mai mura ko tari ya gaisa daga bakin ƙofa ko ta waya, masu shigowa su wanke hannu, kuma wani daga cikin 'ya'ya ya ɗauki nauyin faɗin haka cikin ladabi, tunda majinyacin ba zai iya korar baƙinsa ba.

Mafi wuyar gyarawa shi ne tausayi. Iyali sun ga irin wahalar da mahaifinsu ya sha, sai su hana shi ko ɗaukar buta, a kawo masa abinci gado, a ce ya kwanta ya huta. Likitoci ma sun daɗe a kan wannan fahimta: har zuwa shekarun 1940 akan kwantar da wanda ya sami bugun zuciya mako shida a gado. A 1952 ne Samuel Levine da Bernard Lown na birnin Boston suka wallafa sakamakon zaunar da irin waɗannan majinyata a kujera tun kwanakin farko, abin da a lokacin aka ɗauka ganganci ne, daga baya ya zama ƙa'ida. Wani bincike na Amurka a 2007 ya nuna cewa tsofaffi masu cikakkiyar lafiya da aka kwantar kwana goma kacal sun rasa kusan kilo guda na tsokar ƙafafu. Kwanciyar da ake nufin hutu da ita, ga huhun tsoho, ita ce ke mayar da hannun agogo baya.

Tafiya da ƙashin ƙirji

Tafiya da ƙafa ita ce atisayen numfashi da ya fi kowane, domin tana sa huhu ya buɗe da kansa. Akan fara da minti biyar, sau uku ko huɗu a rana, a tsakar gida ko wuri mai shimfiɗaɗɗiyar ƙasa, a riƙa ƙara minti ɗaya ko biyu bayan kwana biyu, har zuwa mako na shida mutum ya iya yin rabin sa'a a jere. Sannu ba ta hana zuwa. Unguwannin Jos da yawa hawa ne da gangara a kan duwatsu, don haka a zaɓi hanya tun da wuri, a tuna cewa wanda ya gangara sai ya hau kafin ya dawo gida. Ma'aunin da ya fi sauƙi shi ne magana: in mutum na tafiya yana iya yin hira, ya yi daidai, in kalma ɗaya-ɗaya yake iya fitarwa, ya rage sauri. Ƙirga bugun jini ba ya wadatarwa, domin wasu magungunan zuciya suna rage shi da gangan.

Ƙashin ƙirji yakan ɗauki mako shida zuwa takwas kafin ya haɗe, ga tsoho ko mai ciwon sukari har mako goma sha biyu. A wannan tsakani ba a ɗaukar abin da ya wuce kimanin kilo biyar. Jan guga daga rijiya, daka, tura mota, ɗaga buhun dankali, ɗaukar jika da ya rugo da gudu, duk su jira. Tuƙi ma sai bayan mako shida ko yadda likita ya ce, kuma girgizar Keke Napep a hanya mai ramuka ba ta dace da sabon ɗinki ba. Wajen tashi daga kwance, mutum ya juya gefe, ya sauke ƙafafu, ya tashi da taimakon gwiwar hannu ba tare da dogara nauyinsa duka a kan hannaye ba. Saboda wannan dalili ne da yawa kan yi salla a zaune a makonnin farko, masu zuwa coci kuma su bar durƙuso har ƙashin ya yi ƙwari. Kujera mai tsayi ta fi tabarma sauƙin tashi.

Wasu sukan ɗaure ƙirji tamau da zane don rage zafi. Wannan yana hana haƙarƙari buɗewa, wato yana rushe aikin da ake yi kowace sa'a. In ana buƙatar tallafi, akwai rigar da asibiti ke bayarwa don haka. Kada a shafa man zafi ko a yi gashi da ruwan zafi a kan ɗinkin. Tsoro yakan sa majinyaci ya riƙa tafiya a duƙe, kafaɗu a gaba. Miƙe baya da juya kafaɗu a hankali sau da yawa a rana yana buɗe ƙirji, kuma ba ya cutar da ƙashin.

Lokacin da za a koma asibiti

A garzaya asibiti in haki na ƙaruwa maimakon raguwa, ko mutum ya kasa kwanciya sai ya jingina da matasai da yawa, ko zazzaɓi ya kai digiri 38, ko kaki ya koma ɗorawa ko kore ko ya fito da jini. Haka in ƙafafu suka kumbura gaba ɗaya, ko nauyi ya ƙaru da kilo biyu cikin kwana biyu zuwa uku, ko ƙwauri ɗaya ya kumbura yana zafi, ko zuciya na bugawa da sauri ba bisa tsari ba, ko ɗinki na fitar da ruwa ko mugunya, ko ana jin ƙashin ƙirji na motsi yana ƙara. Ga tsofaffi akwai alamar da ake yawan kuskurewa: nimoniya tana iya zuwa ba zazzaɓi, sai dai a ga mutum ya rikice, yana yawan barci, ya daina cin abinci. Kada a ce tsufa ne, kada kuma a fara da maganin maleriya a gida a jira a gani. Busasshen tari da ya ƙi ƙarewa wani lokaci daga magungunan hawan jini irin su lisinopril yake. Likita ne zai canza shi, majinyaci kada ya daina sha da kansa.

'Yar na'urar nan da ake maƙalawa a yatsa don auna oksijin tana da amfani a gida, in likita ya faɗi adadin da za a damu in an sauko ƙasa da shi. Sai dai yatsa mai sanyi da jan farce suna rikita ta, kuma wani bincike na Jami'ar Michigan a 2020 ya nuna cewa takan nuna wa masu baƙar fata adadin da ya fi na gaskiya. In na'ura ta ce lafiya amma mutum na haki, a bi abin da ido ya gani.

Asibitin Koyarwa na Jami'ar Jos da ke Lamingo, da Asibitin Ƙwararru na Jihar Filato, da Asibitin Koyarwa na Jami'ar Bingham da aka fi sani da Jankwano, su ne manyan wuraren da mazauna Jos ke ganin likita a kan irin wannan jinya. Likitan fisiyo na gaskiya yana da rajista da hukumar tarayya mai kula da wannan sana'a, wadda aka kafa da dokar soja mai lamba 38 ta 1988, kuma babu laifi a tambayi wanda zai riƙa zuwa gida shaidar rajistarsa, tunda mai tausa daban ne da shi. Ya fi kyau a tsayar da ranar ganin likitan zuciya da na fisiyo a Jos tun kafin a baro asibitin da aka yi tiyata, a cikin mako biyu na farko da dawowa. Ranar zuwa a riƙo takardar sallama, da bayanin jijiyoyin da aka dasa da inda aka ɗebo su, da hoton ƙirji na ƙarshe, da duk magungunan da ake sha a cikin kwalayensu, da 'yar na'urar jan numfashin, domin likitan ya ga yadda majinyacin ke amfani da ita.